Yarinyar da ke karatu da ka: shekara guda a ajin CE1 a Garwa

Asalin lamarin

Yarinyar ’yar ƙanena ce. Shekararta takwas lokacin da aka koma makaranta ranar 9 ga Satumba, 2024. Gidansu yana unguwar Hausawa a Garwa, hedikwatar yankin Arewa na Kamaru, ba nisa da kogin Binuwai. Mahaifinta tela ne a kasuwa, mahaifiyarta kuma tana suyar ƙosai da safe a ƙofar gida. Ni na yi shekaru ina koyarwa a firamare kafin in ajiye aiki, shi ya sa na riƙa rubuta abin da na gani a wani littafi, da kwanan wata da adadi. Daga cikinsa na tsamo wannan bayani.

Harsuna huɗu ke shiga kunnenta kowace rana. Hausa a gida. Fulatanci a titi da kasuwa da wajen wasa, domin shi ne harshen da ya haɗa kowa a Garwa. Larabcin Alƙur’ani a makarantar allo, da asuba da bayan la’asar, ban da Alhamis da Juma’a. Sai Faransanci a lekol, kamar yadda muke kiran makarantar boko a nan, kuma shi ne harshen da ba mai yi mata da zarar ta fito daga aji.

Firamare ta ɓangaren Faransanci aji shida ce: SIL, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2, an kasa su mataki uku, aji bibbiyu. A SIL da CP ake koyar da haruffa da haɗa su. Daga CE1 ana ɗauka cewa yaro ya iya karatu, sai a shiga ba shi labari ya karanta, da nahawu, da dikte, wato shifta. Yarinyar ta gama CP da maki 11 bisa 20, don haka ba wanda ya zargi komai.

Ajin da ta shiga yara 94 ne a hannun malama ɗaya. Huɗu-huɗu suke zama a benci, littafin karatu kuma bai kai ga rabinsu ba. Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, amma kuɗin ƙungiyar iyaye yana nan, kuma da shi ake biyan wasu malaman da gwamnati ba ta ɗauka ba. Malamar yarinyar tana cikin irin waɗannan.

Satumba da Oktoba 2024: alamun farko

Makonni shida na farko lafiya lau. Madam takan rubuta darasin karatu a babban allo, ta karanta, aji ya amsa da murya ɗaya, a maimaita har ya zauna. Yarinyar takan dawo gida ta zuba wa mahaifiyarta darasin tiryan-tiryan, uwar tana murna ko da ba ta jin Faransanci.

A tsakiyar Oktoba aka yi dikte na farko. Ta sami sifili. Na biyu ma sifili. Da mahaifinta ya kawo mini littafin, sai na ga rubutun hannu mai tsabta a duk inda ta kwafa daga allo, amma a shafin dikte haruffa ne kawai a jere, babu kalma ko ɗaya da ta tashi. Wasu layukan ma daga dama ta faro su. Harafin b da d kuwa duk ɗaya ne a wurinta.

Nuwamba da Disamba: abin da aka gwada

Mahaifinta ya fara da abin da ya sani. Ya ce wasa ne ya yi mata yawa, ya hana ta fita bayan magariba, ya sa ta kwafi shafi guda kowane dare. Ta kwafa tsaf, mako uku a jere. Dikte bai motsa ba.

Sai ya sayi littafin karatu nata na kanta, ya kuma ɗauko wani saurayi ɗan sakandare yana zuwa sau uku a mako, a kan jaka uku a wata. Saurayin yana da himma, amma yadda ake yi a aji haka ya yi: ya karanta, ta maimaita, ya karanta, ta maimaita. Cikin kwana biyu takan haddace shafi. Ya shaida wa uban cewa yarinya tana da ƙwaƙwalwa, kuma gaskiya ya faɗa.

An kuma yi bulala sau biyu. Bayan ta biyun ta fara cewa cikinta na ciwo duk safiyar da za a yi dikte, kuma ta daina ɗaga allon hannunta idan Madam ta buga tebur ta ce kowa ya nuna amsarsa. Wata maƙwabciya ta ce a duba idonta, tunda a bencin baya take zama. Aka kai ta asibiti, aka ce idonta lafiya. Sakamakon zango na farko ya fito a Disamba: 7 bisa 20.

Hutun ƙarshen shekara: inda matsalar take

A wannan hutun ƙanena ya kawo mini ita. Ya ce, “Yaya, ke kika san aikin nan. Ni dai na rasa inda zan sa kaina.”

Ranar 27 ga Disamba na zaunar da ita a tabarma, na buɗe littafinta a wani shafi da suka yi, na ce ta karanta. Ta ɗora yatsa ta fara, murya a sake, babu tuntuɓe. Sai na lura yatsan ya kai ƙarshen shafi alhali bakinta yana tsakiya. Na rufe hoton da ke sama da tafin hannuna, na buɗe wani shafin da suka yi tuntuni. Ta yi shiru, tana ƙoƙarin leƙa ƙarƙashin hannuna. Ashe hoton ne ke gaya mata wace hadda za ta jawo. Na rubuta kalmar *moto* a takarda, kalmar da take ji kullum a bakin masu babur, na ce mene ne wannan. Ta dube ta, ta dube ni, idonta ya ciko.

“Gwaggo, ba a koya mana wannan ba.”

Washegari na auna ta a natse. Cikin haruffa 26 ta kira sunan 19 daidai. Cikin kalmomi 20 na Faransanci masu sauƙi da ba ta taɓa haddacewa ba, ta karanta 2, su ma da alama siffarsu ta gane. Da na ba ta ɗan labari na layi biyar na riƙe agogo, ba ta fitar da kalma ko ɗaya ba a minti guda. Sunayen haruffa tana da su. Abin da ba ta taɓa ganewa ba shi ne harafi sauti yake ɗauke da shi, kuma idan aka jingina wani da wani sai gaɓa ta fito.

A daren nan na ji ta a tsakar gida tana biya allonta. Na ce ta kawo. A makarantar allo ta wuce babbaƙu, inda ake koyon baƙaƙe tsura, su ba, sin, mim-jaye, ta kuma gama farfaru, inda ake ɗora musu wasali. Na ɗauki alƙalami na rubuta ba a gefen takarda, na sa mata wasali bisa. Ta ce ba. Na sa wasali ƙasa. Ta ce bi. Na sa rufu’a. Ta ce bu. Na haɗa baƙaƙe uku da ba su cikin allonta, ta karanta su ba gardama. Abin da shekara biyu a lekol ba ta ba ta ba, tana yin sa kowace asuba da wasu haruffan, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa aikin iri ɗaya ne.

Janairu da Fabrairu 2025: baƙi da wasali

Na roƙi mahaifinta abu uku: a ajiye bulala, a daina kwafin dare, a sallami saurayin cikin mutunci. Na biyu ne ya fi yi masa wuya, domin a ganinsa shafi cike da rubutu shi ne shaidar an yi aiki. Ya yarda zuwa ƙarshen zango.

Muka tsayar da minti 25 bayan magariba, kwana biyar a mako, a ƙarƙashin fitilar sola idan an ɗauke wuta. Na yanka kwalin sukari ƙanana-ƙanana, na rubuta baƙaƙe da baƙin biro, wasula biyar da ja. Na ce mata, a allo wasali yana hawa kan baƙi ko ya shiga ƙarƙashinsa, a boko kuwa gefensa yake tsayawa, ta hannun dama, kuma tafiyar daga hagu take farawa. Na ajiye b, na tura harafin *a* kusa da shi. Ta ce ba. Na cire a na tura i. Ta yi jim, ta ce bi, sannan ta ɗago kai ta ce, “Gwaggo, ai farfaru ne!”

Da Hausa muka fara, ba da Faransanci ba. Dalilina biyu ne. Rubutun Hausa na boko kusan kowane harafi sautinsa ɗaya, ba ya yaudarar mai koyo. Sannan idan ta haɗa *ma* da *sa* ta ji masa ta fito, ta san abin da ta karanta, kuma idan ta yi kuskure kunnenta zai gaya mata tun kafin in yi magana. A mako na farko muka yi baƙaƙe shida kawai. A na biyu ta karanta *tasa*, *rana*, *kifi*, *lemo*. A na uku ta fara ɗauko kwalayen da kanta tana haɗa sunayen ’yan gidan. Maganin b da d ya zo daga shagon ubanta: na ce b allura ce a tsaye da maɓalli a gabanta, d kuma maɓallin ne ya riga allurar. Ta riƙa faɗin haka a hankali kafin ta rubuta, har ta daina buƙatarsa.

Kowace rana sai ta rubuta kalma biyar da na faɗa, ba tare da ta gan su ba. Ban kira shi dikte ba, don sunan kaɗai yana tayar mata da ciwon ciki.

A mako na biyar muka tsallaka Faransanci ta kalmomin da ake karanta su yadda aka rubuta su: *moto*, *ami*, *papa*, *midi*. A nan *papa* ya koma fafa, domin bakin Bahaushe bai raba p da f ba. Fulatancinta ne ya fitar da mu. Na ce ta faɗi doki da Fulatanci, ta ce *puccu*. Kura fa? Ta ce *fowru*. Na ce to, p na *puccu* ne, f na *fowru*. Ba mu sake komawa kansa ba.

Makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu ya tafi a atisayen maci da waƙa, mun rasa kwana huɗu. Na je na ga Madam a makon da ya biyo baya. Ta saurare ni a tsaye a bakin aji, hayaniya na tashi a bayanta, ta ce ta san akwai irinta da yawa a ajin, amma manhaja tana bin ta, yara kuma 94. Duk da haka ta dawo da yarinyar benci na biyu, ta kuma yarda ta riƙa ba ni kalmomin mako tun ranar Litinin.

Awon 28 ga Fabrairu: kalmomin Hausa 17 cikin 20, na Faransanci 8 cikin 20, kalma 11 a minti guda.

Maris: komawa baya

Azumi ya kama a farkon Maris, daidai lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Lokacinmu na bayan magariba ya zama na buɗa-baki, ƙosan mahaifiyarta ya koma na yamma, yarinyar ce ke kai wa masu saye. Mun zauna sau bakwai kacal a watan.

Ba rashin lokaci ne kaɗai ba. Hanyar da na bi ta fara nuna aibinta. Yarinyar ta riƙe ƙa’idar Hausa gam, ta shiga ɗora ta a kan Faransanci. Ta ga *lune* ta ce lu-ne. Ta ga *petit* ta furta t na ƙarshe. Harafin c kuwa, wanda ta sani a *ciki* da *cokali*, ya rikita ta sarai, tunda a Faransanci k ne a *café*, s ne a *ceci*. A dikte ta rubuta *bo* a maimakon *beau*, *wazo* a maimakon *oiseau*. Madam ta ja jan biro a kan duka. Mahaifinta ya zo da littafin ransa a ɓace.

“Yaya, Hausar nan ce ta ɓata mata. Ai ba da ita za a yi jarrabawa ba.”

Na nuna masa dikten Oktoba da na Maris gefe da gefe. Duka biyun makinsu ƙasa yake. Amma na Oktoba ba ya karantuwa, na Maris kuwa ko shi da bai yi nisa a lekol ba ya karanta shi ya gane abin da aka faɗa. Ya yi shiru, bai ce ya gamsu ba, bai kuma janye ta ba. Awon ƙarshen Maris: Faransanci 7 cikin 20, kalma 9 a minti. Sakamakon zango na biyu 8 da rabi.

Afrilu da Mayu: raba gida biyu

Bayan ƙaramar Sallah, a hutun zango, na sake shiri. Na samo littafi biyu, ɗaya na Hausa, ɗaya na Faransanci, ba a haɗa su a zama ɗaya. Na gaya mata gaskiya cewa Faransanci yana da haruffan da ke tafiya a ƙungiya su ba da sauti ɗaya, da waɗanda ake rubutawa ba a furtawa. Ita ce ta raɗa wa na biyun suna, ta ce ’yan rakiya. Muka riƙa ɗaukar ƙungiya ɗaya muna kwana uku a kanta: *ou*, *oi*, *ch*, *on*, *an*, *in*, sannan *au* da *eau*, waɗanda duk sautin o suke bayarwa. Kowace ƙungiya a kwali ɗaya na rubuta ta, don idonta ya ɗauke ta a matsayin abu guda. Kafin ta karanta jimla sai ta bi da fensir ta ɗiga ɗigo ƙarƙashin kowane ɗan rakiya.

A nan haddarta ta dawo ta yi amfani. Kalmomi irin su *est*, *dans*, *les*, *beaucoup* dole a riƙe siffarsu, ita kuwa biyar-biyar take kwashe su a zama guda.

Abin karantawa ya yi mana ƙaranci, littafi ɗaya ne a gidan kuma ta haddace rabinsa. Sai muka koma ga abin da ke kewaye da mu: kwalin sabulu, gwangwanin madara, allunan shaguna a hanyar kasuwa. Wata Laraba da rana, muna kan babur, ta dafa kafaɗata ta ce, “Gwaggo, far-ma-si! Ashe *ph* ma f ne?” Ban koya mata wannan ba tukuna. Ta san shagon magani ne, ta karanta sauran haruffan, ta ciro ƙa’idar da kanta.

Rubutu kuma ta wajen ƙosai ya buɗe. Mahaifiyarta da ka take riƙe bashin masu saye, wani lokaci a yi gardama. Yarinyar ta karɓi aikin: suna, kuɗi, rana, a bayan tsohon littafinta, da Hausa. Daga nan ta fara ƙara bayani a gefe, wane ya ce sai Juma’a, wance ta biya rabi. Na sa ta riƙa rubuta mini jimla biyu kowace rana kan abin da ya faru, ɗaya da Hausa, ɗaya da Faransanci. Ta Hausar takan kai layi huɗu. Ta Faransancin ba ta wuce kalma biyar, kuma kusan kullum da *je* take farawa.

Awon 16 ga Mayu: Faransanci 15 cikin 20, kalma 24 a minti. A ranar na ƙara wani awo. Bayan ta karanta labari na layi takwas na yi mata tambaya biyar. Ta amsa biyu. Da na fassara mata kalmomi shida na sake tambaya, ta amsa duka biyar.

Yuni: inda aka tsaya

Awo na ƙarshe ranar 10 ga Yuni, bayan babbar Sallah: kalma 17 cikin 20, kalma 31 a minti, tambaya uku cikin biyar. A dikte mai kalma 25 ta yi kuskure 9, shida daga ciki ’yan rakiya ne da ta manta, musamman s na jam’i da *ent* na ƙarshen aikatau. Ba ta sake faro layi daga dama ba tun Fabrairu. Sakamakon zango na uku 11 da rabi. Ta wuce CE2. Ciwon cikin safiya ya ɓace tun cikin Afrilu.

Yadda na ga lamarin

Wucewa ajin ba shi nake kafa hujja da shi ba, domin tsakanin CE1 da CE2 mataki ɗaya ne, galibi ana wucewa da yara gaba ɗaya. Makin ma ba ya faɗin komai shi kaɗai: 11 ta samu a CP ba ta iya karanta *moto* ba, 11 da rabi ta samu yanzu tana karanta shafin da ba ta taɓa gani ba.

Kwafi da maimaitawa sun gaza ne domin sun ƙara mata abin da take da shi da yawa. Yarinya mai kaifin hadda a aji mai amsawa da murya ɗaya tana iya ɓuya shekara biyu, kuma ba laifinta ba ne, ba kuma na malamar da ke fuskantar yara 94 ba. Bulala kuwa ba ta koya mata komai ba sai ɓoye allonta. Abin da ya yi aiki shi ne zama da ita ita kaɗai na minti goma da takardar da ba ta haddace ba, sannan a ɗora sabon ilmi a kan farfarun da ta riga ta mallaka, cikin harshen da take ji.

Kuskurena shi ne jinkirin gaya mata cewa ƙa’idar Hausa ba ta ratsa Faransanci duka. Da na raba littattafan tun Fabrairu, da Maris bai yi mana tsanani haka ba, kuma ƙorafin mahaifinta yana da tushe ta wannan fuskar. Har yanzu karatunta bai kai saurin da CE2 ke nema ba, kuma bakinta ya riga fahimtarta, saboda kalmomin Faransancin da ta sani kaɗan ne. Wannan ba aikin kwali ba ne. Yana buƙatar littattafan labari da wanda zai zauna ya yi mata hira a kansu, kuma a hutun nan na samo guda uku a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a kasuwa.

A ƙarshen Yuni mahaifiyar wata yarinya da suke benci ɗaya ta sallama gidana da ’yarta a hannu. Na rubuta kalmomi 20 na ba ta. Ta karanta ɗaya. Na tambaya ko ta yi farfaru, uwar ta ce tana ciki. Mun sa ranar farawa Litinin ta farko a watan Agusta, kuma ’yar ƙanena ta ce ita za ta yanka kwalayen.